MAN DA ABBA YA KAWO

Shafi na 19

Masu cika mini waya da saƙo tun gari bai waye ba, ga shi nan, a bar ni in sha ruwa. Ke kuma da kika rubuto kika ce in rage zagin Abba domin "ko ba komai mutumin yana ƙoƙari", ki gyara zama, 'yar uwa. Shafin nan naki ne.

*

Auta ta juye ledar a kan teburin Likita, komai ya zubo.

Likita ce ta ce a kawo mata duk abin da Umma ke haɗiya ko shafawa, kada a bar ko ɗaya. Tun bara da aka cire wa Umma nonon hagu saboda kansa, Auta ce ke riƙe da magungunanta. Ita ta san na safe, ita ta san na bayan abinci. Yau ma ita kaɗai ta zo karɓar sakamakon gwajin jini, domin Umma ta ce ƙafarta ta gaji da layin asibiti.

Gwajin kuwa dalilinsa jini ne. Matar da al'adarta ta ɗauke tun Auta na makarantar sakandare, sai ga ɗigon jini a zaninta.

Likita ta riƙa ture magungunan gefe da bayan biro. Wannan ta san shi, wancan ita ta rubuta. Sai bironta ya tsaya a kan wata farar roba mai famfo a kai.

"Wannan fa?"

"Man tausa ne, Likita. Na hannun nan nata da ke kumbura tun da aka cire kaluluwar hammatarta."

"Wa ya rubuta mata?"

"Ba rubutawa aka yi ba. Abba ne ke kawowa."

"Ina takardar jikinsa?"

"Haka yake zuwa da shi. Ya ce zafin mota ne ke ɓare ta."

Likita ta ɗaga robar, ta goga babban yatsanta a inda danƙon takardar ya bar shaida. Ta matsa kaɗan a kan auduga. Abu ne garai-garai mai yauƙi, yana ɗan warin sifirit. Ta jefa audugar a kwandon shara, ta tashi ta buɗe kabad ɗin da ke bayanta, ta ɗauko wata robar ta ajiye kusa da ta Auta.

Tsayi ɗaya, wuya ɗaya, murfi ɗaya. Ta juya gindinsu, haruffan da aka buga iri ɗaya. Ta Likita ce kawai ke da takarda.

"Zauna sosai," in ji Likita.

"A zaune nake."

"Wannan ba man tausa ba ne. Homon ne, sinadarin da jikin mace ke yi kafin al'ada ta ɗauke. Gwajin jinin mahaifiyarki ya nuna shi ya yi yawa, tun jiya nake tambayar kaina ta ina yake shiga."

Auta ta ƙura wa robobin nan ido.

"Guba ce, Likita?"

"A'a. Magani ne, ni kaina ina rubuta shi. Akwai matan da ɗaukewar al'ada ke gallaza wa, zafi, zufa, rashin barci, yana taimakonsu ƙwarai. Amma ko mai lafiya sai mun zauna da ita mun auna amfani da haɗari. Wasu ire-irensa suna ɗan ƙara haɗarin kansar nono in aka daɗe a kansu. Wannan kuma in aka ba mace mai mahaifa shi kaɗai, yana kaurara bangon mahaifar, har abin ya iya zama wani ciwon. Ina zargin daga nan jinin yake."

"Umma fa?"

Likita ta cire tabarau ta ajiye.

"Irin kansar da aka cire wa mahaifiyarki da wannan sinadarin take girma. Ƙwayar da take sha kullum, aikinta ke nan ta hana jiki yin sa. Shi ya sa take fama da zafin nan da ciwon gaɓoɓi. Mu muna hana shi ta baki, wani yana mayar da shi ta fata."

Zafin nan. Auta ta tuna yadda Umma ke yawo da ɗan tawul a wuya, tana kunna fanka ko ana sanyi, tana canza riga ta jiƙe kafin ta gama ɗaura ɗankwali. Ta tuna ranar da abin ya ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. Har sadaka suka yi. Ita da bakinta ta riƙa buga wa 'yan uwa waya tana cewa Allah ya kawo sauƙi.

"Wa ke shafa mata?" Likita ta tambaya.

Auta ta dubi tafin hannunta.

"Ni."

"Tun yaushe?"

"Watanni ne. Kullum da safe, kafin in tafi makarantar da nake koyarwa." Ta ɗago ido. "Likita, kansar ta dawo ke nan?"

"Ban ce ba. Ban sani ba tukuna, kuma ba zan yi miki ƙarya don ki ji daɗi ba. A daina daga yau. Gobe da safe ki kawo mini ita, zan duba ta daga sama har ƙasa, a yi hoto. Ke ma zan duba ki, tunda fatarki ta sha."

Auta ba ta san yadda ta fito ba. A bakin famfon wanke hannu na baranda ta tsinci kanta, tana dirzar tafinta da sabulun asibiti. Ta ɗauraye, ta sake sabawa. Wata mata da ke jira a bayanta ta yi tsaki ta wuce wani famfon.

Kullum da safe! Takan zauna a bakin gado, ta ɗora hannun Umma a cinyarta, ta fara daga wuyan hannu ta haura zuwa kafaɗa yadda masu gashin ƙashi na asibiti suka koya mata. Umma ta lumshe ido tana cewa, "Hannunki akwai sa'a, 'yar albarka." Abba kuma yana tsaye a bakin ƙofa yana ɗaura agogo, yana cewa, "Ki sa da yawa, Auta, kada ki yi rowa."

Ta sake ɗaukar sabulun.

*

Shagon Abba na sayar da katifu ne da gadaje, a bakin babban titi, gaba ɗaya gilashi. Katifu a jere a tsaye cikin leda, wasu a shimfiɗe a kan gadajen nuni da matasai a kai. Warin sabon soso ne ke fara yi wa mutum maraba.

Ta tarar da shi yana tallata wa wani saurayi da budurwarsa. Ya danna katifa da gwiwar hannu yana dariya.

"Ku ji ni da kyau, yara. Katifa rabin zaman aure ce. Mace in ta yi barci mai daɗi, gida ya zauna lafiya. Ku tambayi wanda ya daɗe a harkar."

A kan gadon da ke kusa da fanka, Kawu Mai-kyamis ne ya kishingiɗa da takalmansa, yana shan lemon gwangwani. Ba ɗan'uwan kowa ba ne, abokin Abba ne tun ƙuruciya, kyamis ɗinsa na ƙarshen layi. Ranar da aka yi wa Umma aiki yana cikin masu zaman jira a asibiti, har da share hawaye.

"A'a, Malama Auta!" in ji Kawu. "Yau an tashi yaran da wuri ne?"

Ba ta gaishe shi ba. Ba ta gaida Abba ba. Ta ciro farar robar daga jakarta ta dangwara a tsakiyar katifar da ake ciniki.

Dariyar Abba ta tsaya a rabi. Ya dubi robar, ya dubi Kawu, sannan ya juya ga baƙinsa.

"Ku je ku yi shawara, gobe ma rana ce."

Suka fita suna waiwaye.

"Wane irin rashin tarbiyya ne wannan?" in ji Abba. "A gaban mutane?"

"Abba, mene ne wannan?"

"Ke ba ki san shi ba? Man tausar uwarki ne."

"Daga wajen Likita nake."

Kawu ya sauke ƙafafunsa daga kan gadon a hankali.

"Ta ɗauko irinsa mai takarda ta nuna mini," in ji Auta. "Jinin Umma ma ya nuna. Abba, mene ne wannan?"

"Su likitocin nan ai komai sai sun girmama shi."

"Kana wajen ranar da ta ce kada homon ya kusanci Umma. Kana zaune a damana. Kai ne ma ka ce, 'Likita, maimaita, in riƙe da kyau.' Ko ba kai ba ne?"

Abba ya shiga gyara matashin da babu abin da ya same shi.

Kawu ya yi gyaran murya. "Ki yi a hankali, 'yata. Abin nan ba wani abu ba ne. Matata ma tana shafawa, ga ta nan garau, har ƙiba ta yi."

Auta ta juya kansa.

"Matarka an cire mata nono?"

"A'a, amma..."

"Likita ce ta rubuta mata ko kai?"

"Likita ce, amma ai abu ɗaya ne."

"Kana bakin ƙofar tiyata ranar da aka fito da Umma. Ka ga bandejin da idonka. Ka miƙa wa Abba wannan, hannunka bai yi nauyi ba?"

"Ni abin da aka tambaye ni na bayar." Ya ɗauki hularsa. "Na bar shago ba kowa."

Ya fice, ya bar gwangwanin a kan katifa yana ɗiga. Allah wadaran irin wannan abota. Mutum ya ci a gidanku, ya yi kuka a asibitinku, sannan ya ce abin da aka tambaye shi ya bayar.

Shago ya rage su biyu. Abba ya zauna a bakin gado, ledar katifar ta yi ƙara a ƙarƙashinsa. Ya sassauta murya, irin wadda yake yi wa mai saye in ya ga zai kuɓuce.

"Auta, zauna."

"Ba zan zauna ba."

"Ke yarinya ce. Akwai abin da ba ki sani ba. Kin taɓa kwana gado ɗaya da uwarki tun da ta fara ƙwayar nan?"

Bai jira amsarta ba.

"Ni na kwana. Ka farka ka ji zanin gado sharkaf, har ta wajenka. A kunna fanka, a kashe fanka, a buɗe taga, a rufe taga. Katifar da na kai gida, mafi kyau a shagon nan, ta yi taswira kamar ta jarirai. Sai da na mayar da leda a ɓangarenta."

Auta ta tuna ledar. Ta tuna Umma tana cewa ita ce ta roƙa a sa, ashe rufa masa asiri take yi.

"Katifa," in ji ta. "Katifa ce ta dame ka."

"Ba ita kaɗai ba." Ya kau da kai. "Ni ma mutum ne. Ka matso kusa da matarka ta ce ciwo take ji, ta ce jikinta a bushe yake, ta juya maka baya. Wata da watanni. Wani da tuni ya..."

"Abba, ni 'yarka ce!"

"Ke kika tambaya."

Ji ta yi kamar ta tuɓe fatarta ta bar masa a wajen. Mutumin da ya ɗauke ta a kafaɗa ya kai ta makaranta ne ke zaune yana gaya mata wannan, ko kunya babu a idonsa.

"Kuma ai ta ji daɗinsa," ya ci gaba. "Ki faɗi gaskiya. Tana barci ko ba ta yi? Tana dariya ko ba ta yi? Ke da kanki kika ce fuskarta ta dawo. Taimakonta na yi."

"In taimako ne, me ya sa ka ɓare takardar?"

"Da ta gani za ta tayar da hankalinta."

"Da ta gani za ta ƙi."

"To, ai shi ke nan. Uwarki akwai taurin kai."

Auta ta matso, har ƙafarta na taɓa gadon.

"Tambaya ɗaya ta rage mini. Kai ka sayo. Kai ka ɓare takardar. Kai kake kwana da ita a ɗaki. Me ya hana ka shafa mata da hannunka? Me ya sa sai ni?"

"Ke aka koya wa tausa."

"Mu biyu aka koya wa. Kana wajen. Ka ce ka fi ni iyawa."

Ya shafa gemunsa, ya dubi titi ta gilashi. Da ya tsaya a nan da ya fi masa. Amma akwai mutanen da ba su san inda maganarsu ke wari ba.

"Kawunki ne ya ce in yi hankali. Ya ce ba a son ya riƙa taɓa fatar namiji."

"Saboda me?"

"Wai in ya yi yawa... yana iya sa wa namiji nono."

Auta ta tsaya tana kallonsa.

Sai yanzu ta gane tsayuwar bakin ƙofa. Sai yanzu ta gane dalilin da in Umma ta miƙo masa hannu da safe zai ce bari ya bushe tukuna, kada ya ɓata masa riga. Dalilin da ya ware tawul ɗinsa ya rataye a bayan ƙofa. Ashe yana karanta gargaɗi. Ya karanta wanda ya shafe shi, ya kiyaye shi sarai.

Dariya ta kuɓuce mata, marar daɗin ji.

"Kai kana tsoron ya fito maka. Ita an yanke mata nata."

"Ki iya bakinki!"

"Ka ji wa ƙirjinka tsoro, Abba. Ba ka ji wa nata ba. Ba ka ji wa nawa ba."

Ya miƙe zumbur, borin kunya ya motsa.

"To wa ya kawo ciwon tun farko? Ni na sa mata? Shekara da shekaru tana haɗiyar ƙwayoyin tazarar haihuwa kamar alewa. Kowa ya san su ke kawo kansa. Ita ta jawo wa kanta!"

"Umma ta yi wa Likita wannan tambayar tana kuka, kana ji. Likita ta ce suna ɗan ƙara haɗarin na nono, kaɗan, kuma yana raguwa in an daina. Ta ce suna rage haɗarin na mahaifa da na ƙwan mace. Ta ce babu mai iya nuna su ya ce su ne suka kawo nata. Wannan ba ka riƙe ba?"

"Surutu ne."

"Kuma wa ke sayo su? Ba kai ka ce daga kaina an rufe ba? Ba daga kyamis ɗin Kawu kake ɗaukowa ba? Umma ta ce har tashinta kake yi in ta manta."

Auta ta ƙara matsowa.

"Lokacin da jikinta ke yi maka yawa, ka sayo abin ragewa. Yanzu ya yi maka kaɗan, ka sayo abin ƙarawa. Ita Umma ba a taɓa tambayarta."

Wata mata ta tura ƙofar gilashin za ta shigo, ta ga fuskokinsu, ta ja ta rufe.

Abba ya koma ya zauna. Da ya sake magana, muryar ta yi sanyi, kuma sanyin ya fi ihun muni.

"To, yanzu me kike so ki yi?"

"Zan gaya mata."

"Ki gaya mata me? Mace mai ciwo, ki je ki zuba mata wannan a kunne? In zuciyarta ta buga, ke kika kashe ta. Ki ce ya ƙare a kasuwa, shi ke nan. A daina, magana ta mutu."

"Gobe Likita za ta gaya mata ko ni ban faɗa ba."

"Sai ki ce kuskuren kyamis ne." Ya ɗago ido ya dube ta. "Ki yi tunani, Auta. In magana ta fita, ta kai kunnen yayyenki, tambayar farko da za su yi ita ce wa ke shafa mata. Ni ko sau ɗaya ban taɓa robar nan a buɗe ba."

Ku ji fa. Uba ne ke gaya wa 'yarsa haka, da rana tsaka, a cikin shagonsa.

Auta ta ɗauki robar ta mayar a jaka.

"Abba, don Allah ka gaya mini gaskiya sau ɗaya. Bayan wannan, akwai wani abu game da jikin Umma da ka sani ban sani ba? Gobe Likita za ta tambaye ni."

"Wallahi babu."

"Ka rantse?"

"Na ce wallahi babu. Me kika ɗauke ni?"

Ba ta gaya masa abin da ta ɗauke shi ba. Ta fita.

*

La'asar ta yi lokacin da ta isa gida. Tun daga ƙofa ta jiyo rediyon Umma. Fankar falo a kashe take. Ɗan tawul ɗin nan na wuya yana kan teburi, ya koma abin goge kofuna.

Umma na zaune a bakin gado tana ninke kayan wanki, ta yi kwalliyarta, har da jan baki kaɗan. Rigar ta ɗan faɗa ta hagu inda take cusa auduga.

"Sai yanzu? Na ce ko Likitar ta riƙe ki ne ta aurar."

"Layi ne, Umma."

"Me ta ce?"

Auta ta ajiye jaka. Duk maganar da ta shirya a cikin bas ta gudu.

"Ta ce gobe da safe mu je tare."

"Kai, matar nan da son ganina." Umma ta yi dariya. "Zo ki zauna. Fuskarki kamar wadda yaran aji suka yi wa taron dangi. Kin ci abinci?"

Auta ta zauna. Ledar katifar ta yi ƙara a ƙarƙashinta, irin ƙarar ta shago. Sai idonta ya faɗa kan durowar gefen gado.

Wata farar robar ce, sabuwa fil, ba takarda.

"Wannan daga ina?"

"Abbanki ya ajiye da safe, da ya ga kin tafi da wancan. Ya ce kada a yi fashi ko na yini ɗaya." Umma ta girgiza kai tana murmushi. "Kin san mutumin nan ciwona ya canza shi. Da can ko ciwon kai nake yi bai san inda ake sayar da magani ba. Yanzu ko man nan bai ƙare ba ya kawo wani. Wani mijin da tuni ya gaji."

Auta ta ɗauke idonta daga kan robar.

"Umma, akwai maganar da..."

"Tsaya tukuna, ni ma ina da tawa. Tunda gobe za a je, gara ki sani, kada ki ji a bakin Likita ki ce na ɓoye miki." Ta leƙa ƙofa, ta rage murya. "Kawo hannunki."

Ta kama yatsun Auta, ta zame wuyan rigarta, ta kai su can sama da inda tausa ke tsayawa, cikin ɗan ramin da ke tsakanin wuya da kafaɗar hagu. Ta danna.

"Kin ji?"

Auta ta ji. Wani ƙullutu ne a ƙarƙashin fata, mai tauri, bai fi ƙwayar wake ba. Ta tura shi, bai motsa ba.

Rediyo na ta magana, amma ba ta jin ko kalma ɗaya.

"Tun yaushe, Umma?"

"Ya kwana biyu. Ba ya ciwo ko kaɗan."

"Wa kika nuna wa?"

"Abbanki mana. Tun yana ƙarami na nuna masa. Ya ce jijiya ce ta harɗe, kada in tayar miki da hankali kina fama da aiki. Ranar da muka je gwajin jini har na ɗaga hannu zan nuna wa Likita, ya taka mini ƙafa." Ta yi 'yar dariya. "Wai za su sake kwantar da ni a banza."

*Wallahi babu.* Ko awa nawa aka yi?

"Ya ce in riƙa ninka man a wajen, zai narke. Ina shafawa in kin fita, amma hannuna bai kai naki sa'a ba."

Kafin Auta ta motsa, Umma ta miƙa hannu ta ɗauko sabuwar robar. Ta juya tafin 'yarta sama, ta matsa famfon. Abin ya sauka a tsakiyar hannun, sanyi ƙalau.

"Shafa mini, 'yar albarka."

A falo makulli ya juya a ƙofa. Muryar Abba ta yi sallama, tana haki kamar wanda ya yi gudu.

Fuskar Umma ta washe.

"Ga shi ma ya dawo da wuri. Yau sai ki yi masa godiya da bakinki."